Yawan Idanu da Shirun Jama'a: Sharhi a kan Ra'ayin Raymond ta Fuskar Tarihin Debian

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce auna wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masu sha'awar manhaja mai ƴanci, wato abin da ake kira logiciel libre da Faransanci. Ra'ayin kuwa shi ne: manhajar da aka bar rubutunta na asali a buɗe, kowa na iya karantawa kuma ya gyara, takan fi sauran inganci, domin idanun da ke kanta suna da yawa, kuma kuskure ba ya daɗewa a ɓoye a gaban taron jama'a. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi shi ne Eric Raymond, ɗan ƙasar Amurka, cikin rubutunsa da aka sani a Faransanci da sunan La cathédrale et le bazar.

Ma'aunin da muka ɗauka shi ne tarihin Debian, ɗaya daga cikin tsare-tsaren sarrafa kwamfuta da aka gina a kan ƙwayar Linux. Dalilai uku suka sa muka zaɓe ta. Na farko, ta daɗe: Ian Murdock ya kafa ta a watan Agusta na 1993, ke nan ta haura shekara 30. Na biyu, ba mallakar wani kamfani ba ce, ƴan sa-kai ne daga ƙasashe da dama suke tafiyar da ita, saboda haka ta fi kowace kama da kasuwar da Raymond ya siffanta. Na uku, tun 1997 ta yi wa jama'a alkawari a rubuce cewa ba za ta ɓoye matsalolinta ba, kuma rumbun rahotannin kurakuranta a buɗe yake ga mai son dubawa. Bugu da ƙari, Ubuntu da wasu tsare-tsare masu yawa daga gare ta suke ɗebo kayansu, don haka abin da ya same ta yakan kai ga mutanen da ko sunanta ba su sani ba.

Abin da muke son nunawa shi ne cewa tsayuwar da aka san Debian da ita daga jinkiri da ƙin canji ta samo asali, kuma hanyar tacewarta ta fi dogara a kan shirun masu amfani bisa ga karatunsu. Wannan hanya tana da amfaninta, tana kuma da iyakarta, kuma iyakar ta shafi duk wani sashen jami'a da ya ɗora ayyukan malamai da kundayen ɗalibai a kan irin wannan tsari.

2. Ra'ayin Raymond da abin da ya ginu a kai

Raymond ya fara gabatar da rubutun nasa a wani taron masu Linux da aka yi a birnin Würzburg na Jamus cikin watan Mayu na 1997, sa'an nan ya fito a littafi a 1999. A ciki ya kwatanta hanyoyi biyu na gina manhaja. Ta farko ya kamanta ta da ginin babbar majami'a: ƙwararru ƴan kaɗan su keɓe kansu, su yi aikinsu a tsanake, ba su fitar da shi sai sun gamsu. Ta biyu ya kamanta ta da kasuwa: a riƙa fitar da aiki da wuri kuma a kai a kai, ko da bai nuna ba, a bar masu amfani su gwada, su kawo ƙorafi da gyara. Hujjojinsa biyu ne: ci gaban ƙwayar Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, da kuma wata ƴar manhajar ɗauko wasiƙu mai suna fetchmail wadda shi Raymond ɗin ya riƙe ta wannan hanya. Daga nan ya fitar da wata ƙa'ida da ya laƙaba wa sunan Linus, wadda ke ɗaure saurin gano kuskure da yawan masu dubawa.

Ba a musun tasirin rubutun. Yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa wa kamfanin Netscape gwiwa ya buɗe rubutun manhajarsa a 1998. Amma idan aka tsaya aka duba ƙa'idar, za a ga ta tsaya ne a kan zato huɗu waɗanda marubucin bai tsaya ya tabbatar da su ba:

(a) cewa wanda ke iya karanta rubutun asali yana karanta shi ɗin;
(b) cewa kuskure yakan nuna kansa ga mai amfani;
(c) cewa duk mai hannu a aikin yana da kyakkyawar niyya;
(d) cewa wanda ya ga kuskure zai kai rahoto, kuma rahoton zai isa inda ya kamata.

Tun a farkon shekarun 2000 Robert Glass ya soki ƙa'idar ta fuskar zato na farko, inda ya nuna cewa binciken da aka yi a kan bitar rubutun manhaja bai nuna yawan masu bita yana ƙara yawan kurakuran da ake ganowa ba sai zuwa wani ɗan adadi ƙanƙane, daga nan sai amfanin ƙari ya ragu ƙwarai. A nan za mu bi ta wata hanya dabam: mu ga yadda Debian ke aiki a zahiri, sa'an nan mu ɗora zatukan nan huɗu a kan abubuwan da suka faru.

3. Yadda Debian ke tace manhaja

3.1 Rassa uku

Debian ba ita ke rubuta galibin manhajar da take rarrabawa ba. Tana ɗebo ta ne daga dubban ayyuka masu zaman kansu, ta ɗaure kowace a cikin ƙunshi, ta naɗa wa ƙunshin mai kula da shi. Fitowa ta 12, ta watan Yuni na 2023, ta ƙunshi fiye da ƙunshi 60,000. Ba mutum ɗaya ko kwamiti ɗaya da zai iya karanta wannan duka.

Ƙunshi yakan bi ta rassa uku, waɗanda sunayensu a Debian su ne unstable, testing da stable. A nan za mu kira su marar tsayuwa, na gwaji da tsayayye. Sabon ƙunshi a reshe marar tsayuwa yake fara sauka. Daga nan ya wuce zuwa na gwaji. Kusan duk bayan shekara biyu sai a rufe ƙofar reshen gwaji, a daina karɓar sababbin abubuwa sai gyaran manyan kurakurai, har a kai ga fitar da shi a matsayin tsayayye. Rufe ƙofar fitowa ta 12 ya fara ne a watan Janairu na 2023, ke nan wata biyar kafin fitowar. Reshen gwaji kansa a shekara ta 2000 aka ƙirƙiro shi, kuma fitowa ta 3.0, ta watan Yuli na 2002, ita ce ta farko da ta bi ta cikinsa.

3.2 Sharuɗɗan wucewa

Wata manhaja ce mai suna britney take yanke hukuncin wucewa daga reshen farko zuwa na biyu. Manyan sharuɗɗanta su ne: ƙunshin ya yi wasu kwanaki a reshen farko, a da kwana 10 ne ga ƙunshin da ba na gaggawa ba, daga baya aka mai da shi 5, ya ginu lafiya a kan ire-iren injunan da Debian ke ɗauka, shigarsa ba za ta karya wasu ƙunshin da suka dogara da shi ba, kuma ba a kai rahoton wani sabon babban kuskure a kansa ba. Babban kuskure a nan shi ne wanda ya faɗa cikin matakai uku na sama na jerin Debian, irin wanda ke lalata bayanai, ko ya buɗe kafar tsaro, ko ya hana ƙunshin aiki ɗungurungum. Daga 2018 aka ƙara sakamakon gwaje-gwajen da injuna ke yi da kansu: ƙunshin da ya ci gwajinsa ana rage masa kwanakin jira, wanda kuma ya karya gwajin wani ana tsare shi.

Abin lura a nan shi ne sharaɗin ƙarshe na jerin farko. Ba a buƙatar wani ya zo ya ba da shaida cewa ya karanta ƙunshin ya same shi lafiya. Abin da ake buƙata kawai shi ne kada a ji kuka. Idan kwana biyar suka wuce ba wanda ya yi magana, britney ba ta da hanyar rarrabe tsakanin ƙunshin da mutum dubu suka gwada suka gamsu da wanda ba wanda ya ko buɗe shi. Duka biyun za su wuce.

3.3 Ma'anar tsayuwa

Da yawa daga masu amfani sukan ɗauki kalmar stable da ma'anar abin da ba shi da aibi. A Debian kuwa ma'anarta abin da ba ya canzawa. Da zarar an fitar da reshe tsayayye, sigar kowane ƙunshi ta zauna ke nan, in ban da ƴan kaɗan. Gyaran tsaro da na manyan kurakurai kaɗai ake shigarwa, na tsawon kimanin shekara uku, sa'an nan wata ƙungiya ta ci gaba da kula da shi har ya cika biyar. Ƙananan kurakuran da aka fito da su ana barinsu yadda suke. Hikimar wannan ita ce aibin da ka sani, ka kuma koyi kauce masa, ya fi sauƙin zama da shi bisa ga sabon da ba ka sani ba. Mai kula da injunan wani sashe ya san abin da ya yi aiki jiya zai yi aiki gobe. Wannan alkawari ne mai daraja, amma dabam yake da alkawarin rashin kuskure.

4. Abubuwa biyu da suka faru

4.1 OpenSSL, 2006 zuwa 2008

OpenSSL ita ce manhajar da akasarin tsare-tsaren Linux ke amfani da ita wajen ƙera mabuɗan sirri. Ƙarfin mabuɗi ya dogara ne a kan lambobin da ba a iya hasashensu, waɗanda manhajar ke harhaɗawa daga wurare dabam-dabam. A 2006 wata manhajar bincike mai suna Valgrind ta riƙa yin gargaɗi a kan layi biyu na OpenSSL, cewa suna karanta wani ɓangaren ma'ajiya da ba a zuba komi a ciki ba. Mai kula da ƙunshin a Debian ya tuntuɓi masu OpenSSL, ya sami amsar da ya fahimta a matsayin amincewa, sai ya kashe layukan biyu. Ɗaya daga cikinsu ba shi da wani muhimmanci. Ɗayan kuwa shi ne mashigar kusan duk abin da ke sa lambobin su gagari hasashe. Abin da ya rage shi ne lambar da tsarin ke ba kowane aiki mai gudana, wadda a lokacin ba ta wuce 32,768. Ke nan ga kowane nau'in mabuɗi, maƙiyi na iya ƙera duk mabuɗan da za su yiwu tun da wuri, ya zauna yana gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙunshin ya shiga reshe marar tsayuwa a watan Satumba na 2006. Ya wuce zuwa na gwaji, ya tsallake rufe ƙofa, ya fito a cikin tsayayye, wato fitowa ta 4.0 ta watan Afirilu na 2007, ya kuma shiga fitowa uku na Ubuntu. Sai a ranar 13 ga Mayu, 2008 aka sanar da matsalar, bayan Luciano Bello, wani ma'aikacin Debian ɗan Ajantina, ya gano ta. Wata 20 ke nan. Gyaran ƙunshin bai wadatar ba, dole aka sake duk mabuɗan da aka ƙera a tsawon wannan lokaci.

Wannan ya rushe zato na (a) da na (b) a lokaci guda. Canjin a fili yake, an ma yi magana a kansa a bainar jama'a, a cikin manhajar da miliyoyin injuna ke dogara da ita, amma ba wanda ya karanta shi da idon basira. Kuma ba mai amfanin da zai iya lura, domin mabuɗan suna aiki sarai: ana ƙera su, ana buɗe ƙofa da su, ba abin da ya tsaya. Kuskuren da ba ya sa kowa kuka, tsarin da ke jiran kuka ba zai kama shi ba. Tun 1970 Edsger Dijkstra ya ja hankali cewa gwaji yana iya tona kuskure, amma cin gwaji ba hujja ba ce cewa babu saura. Bayan shekara shida aka sake ganin irin wannan a OpenSSL ɗin kanta: kafar da aka sa wa suna Heartbleed ta fito a cikin siga ta 1.0.1 a watan Maris na 2012, ba a sanar da ita ba sai watan Afirilu na 2014, kuma a nan ne duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke riƙe da aikin, da kuɗi ƙalilan.

4.2 xz, 2024

xz ƴar manhajar matse fayil ce wadda kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke riƙe da ita a matsayin aikin sa-kai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo yana kawo gyare-gyare masu amfani, a hankali ya sami amincewa cikin kimanin shekara biyu, har aka ba shi ikon fitar da sababbin sigogi. A siga ta 5.6.0, ta watan Fabrairu na 2024, da ta 5.6.1, ta watan Maris, ya dasa ɓoyayyar ƙofa wadda za ta bai wa mai wani mabuɗi na musamman damar ba da umarni ga injin daga nesa ta hanyar SSH, wato hanyar da masu kula da manyan injuna ke shiga da ita.

Wurin da aka ɓoye ƙofar ya cancanci a tsaya a kansa: a cikin fayilolin gwaji aka cusa ta, waɗanda bisa al'ada tarkacen bayanai ne da ba mai karantawa. Umarnin da ke tono ta lokacin gini kuma a cikin ƙunshin da ake rarrabawa kaɗai yake, ba ya cikin rumbun rubutun da jama'a ke dubawa. An tsara shi ya tashi ne idan ana gina ƙunshi irin na Debian ko na Fedora. Sigar ta shiga reshe marar tsayuwa, ta cika sharuɗɗan britney, ta wuce zuwa na gwaji.

Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, shi ya gano ta, ya kuma sanar a ranar 29 ga Maris, 2024. Ba bitar xz yake yi ba. Yana wasu aune-aune ne a kan injin da ke ɗauke da reshe marar tsayuwa na Debian, sai ya lura shiga ta SSH tana cin ƙarfin injin fiye da ƙima, tana kuma jinkiri na kusan rabin daƙiƙa. Ya haɗa wannan da wasu gargaɗin Valgrind da ya gani a baya, ya bi sawu har ya kai ga tushen. Reshe tsayayye bai kamu ba, domin yana nan da siga ta 5.4.1 da ya fito da ita a 2023. Ubuntu ta jinkirta sigar gwajinta ta 24.04 da mako ɗaya don ta sake gina kayanta.

A nan zato na (c) ne ya faɗi. Kasuwar Raymond tana karɓar gudummawa daga baƙo bisa ga kyawun aikinsa na baya, kuma mai haƙuri yana iya sayen wannan amincewa da shekara biyu na aiki nagari.

4.3 Kwatanci

Idan aka jera labaran biyu, abubuwa uku sukan fito. Na farko, duka biyun sun cika sharuɗɗan wucewa zuwa reshen gwaji ba tare da wata tangarɗa ba. Na biyu, abin da ya bambanta ƙarshensu shi ne lokaci: na 2006 ya iske rufe ƙofa a kusa, ya shige cikin tsayayye; na 2024 ya zo ne wata tara bayan an fitar da tsayayye, fitowa ta gaba kuma sai watan Agusta na 2025. Tsufan kayan reshe tsayayye, wanda ake yawan yi wa Debian gori a kansa, shi ya kare masu amfani da shi. Na uku, Valgrind ta yi magana a duka biyun. A 2006 an nemi a rufe mata baki, aka jawo ɓarna. A 2024 ma siga ta 5.6.1 ta zo ne da ƙoƙarin kashe gargaɗin nata, sai dai an sami mutum ɗaya da bai yarda ya wuce ba tare da ya fahimci dalilin ba.

5. Inda ra'ayin ya yi gaskiya da inda ya gaza

Adalci ya wajabta a faɗi abin da Raymond ya dace a kansa. Freund ba ma'aikacin xz ba ne, kuma da rubutun a rufe yake, da wuya ya iya bin sawun rabin daƙiƙa har zuwa tushensa. Da aka sanar, cikin sa'o'i ƙalilan tsare-tsaren da abin ya shafa suka koma tsohuwar siga. Kuma mu kanmu muna iya wannan sharhi ne domin an bar tarihin a buɗe, kowane canji da ranarsa. Buɗe rubutu yana sa ganowa ta yiwu, yana kuma hanzarta gyara. Kurakuran da ke sa inji ya tsaya ko hoto ya ɓace, waɗanda kowa ke gani, lalle yawan masu amfani yana saurin tono su.

Inda ra'ayin ya gaza shi ne wajen mai da yiwuwa tabbas, da kuma ƙirga masu amfani a matsayin masu bita. Kowa ya ɗauka wani ya duba. Ayyukan da suka ɗauki tsaro da muhimmanci ba su jira kasuwa ba. OpenBSD, alal misali, tun 1996 take da ƴan mutane da aka ɗora wa bitar rubutu layi bayan layi, kuma bayan Heartbleed su ne suka ɗauki OpenSSL suka share ta suka fitar da LibreSSL a 2014. Wannan ya fi kusa da majami'a bisa ga kasuwa.

Hasali ma, abin da al'ummomin suka yi a aikace cikin shekarun da suka wuce hukunci ne a kan ƙa'idar. Sun ɗora aikin a kan injuna. Ƙwayar Linux tana da syzkaller, manhajar da ke ta jefa mata umarni barkatai dare da rana don a ga inda za ta faɗi. Google ta buɗe OSS-Fuzz a 2016 don yin haka ga sauran manhajoji. Debian ta fara aikin gini mai maimaituwa a 2013, wato a tabbatar rubutu ɗaya yana haifar da ƙunshi iri ɗaya a ko'ina aka gina shi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta sun kai wannan matsayi. Galibin waɗannan ayyuka suna buƙatar injuna da albashi, waɗanda kamfanoni da gidauniyoyi ke biya.

Su ma injunan suna da iyaka. Gini mai maimaituwa ba zai kama ƙofar xz ba, domin gurɓataccen ƙunshi zai maimaita gurɓatarsa daidai wa daida. Kuma a watan Disamba na 2023 Debian ta dakatar da ƙaramar fitowarta ta 12.3, saboda ƙwayar 6.1.64 ta zo da kuskuren da ke iya lalata bayanai a tsarin ajiyar fayil na ext4. Gyara ne aka ɗauko daga sabuwar ƙwaya zuwa tsohuwa ba tare da wani canjin da ya dogara da shi ba. An maye gurbinta da 12.4 ba da daɗewa ba. Ke nan ko a reshe tsayayye, ƴar ƙofar da aka bari don gyara tana iya shigo da ɓarna.

6. Zato na huɗu da abin da ya shafe mu

Saura zato na (d), wato cewa wanda ya ga kuskure zai kai rahoto. A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Rumbun rahotannin Debian da wasiƙar intanet yake aiki, kuma harshen aikinsa Ingilishi ne. Malami ko ɗalibin da ke aiki da Faransanci da Hausa, idan ya ci karo da matsala, abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya nemi dabarar kauce mata ya ci gaba da aikinsa. Ga britney kuwa, wannan shiru daidai yake da gamsuwa.

A ɗauki misalin haruffa masu lanƙwasa. Debian tana ɗauke da tsarin allon rubutu na Hausa, na Najeriya da na Gana. Amma rubutun Hausa a Nijar yana amfani da ƴ a inda na Najeriya ke sa 'y. Shin manhajar jera kalmomi tana sa ƙ bayan k, ɗ bayan d? Shin mai neman kalma a cikin kundi yana samun ta idan da Ƴ babba ta fara? Shin haruffan suna fita daidai idan an buga takarda? Waɗannan tambayoyi ne da mai harhaɗa ƙamus ko mai rubuta kundin digiri yake fuskanta kullum, kuma ba za a san amsarsu a sabuwar siga ba sai wani daga cikin masu rubutu da haruffan ya gwada. Idan aibi ya shige cikin reshe tsayayye, kuma bai kai matakin babban kuskure ba, zai zauna har fitowa ta gaba. Haka kuma yanayin aiki irin na yawan ɗaukewar wuta ko raunin intanet a tsakiyar sabunta ƙunshi, wanda ke zaune cikinsa ne ya fi kowa damar ganin illarsa.

Bisa ga wannan muna ba da shawara uku. Ta farko, injunan da ke riƙe da ayyukan sashe su zauna a kan reshe tsayayye, a riƙa shigar da gyaran tsaro, a kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam kafin kowace sabuntawa. Ta biyu, a ware inji ɗaya, ko da tsoho ne, a sa masa reshen gwaji, a riƙa gwada ayyukanmu na yau da kullum a kansa, musamman a watannin da ke gaban rufe ƙofa, lokacin da rahoto ke da tasiri. Manhajar reportbug tana taimakawa wajen tsara rahoton. Ta uku, a ɗauki rubuta gwaje-gwajen inji a kan haruffa da jerin kalmomin harsunanmu a matsayin batun kundi. Gwajin da aka karɓa cikin ƙunshi zai riƙa gudana duk lokacin da aka taɓa ƙunshin, ko bayan ɗalibin ya gama karatunsa ya tafi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙa'idar Raymond ta tsaya a kan zato huɗu, kuma tarihin Debian ya raunana kowanne daga cikinsu: canjin OpenSSL ya yi wata 20 a fili ba a karanta shi ba, domin bai dami kowa ba, ƙofar xz amintacce ne ya dasa ta, a cikin fayilolin gwaji, tsarin wucewa kuma yana ɗaukar rashin rahoto a matsayin shaida. Abin da ke ba reshe tsayayye ƙarfinsa shi ne watannin jira da ƙin karɓar sabon abu, tare da gwaje-gwajen da wani ya zauna ya rubuta da gangan. A ganinmu, ya kamata a ci gaba da karanta rubutun Raymond a matsayin bayanin abin da buɗe rubutu ke ba da dama a yi, a daina ɗaukarsa a matsayin lamuni cewa an yi. Binciken da ya kamata ya biyo bayan wannan shi ne a jera ayyukan rubutu da jerin kalmomi na Hausa a kan reshen gwaji na yanzu, a rubuta sakamakon, a aika da shi kafin rufe ƙofa ta gaba.